Mutumin da Ya Dawo Butar Shayi

Bayan rasuwar Baba muka ɗauko Mama daga Jos ta zauna da mu a ɗan gidan da muke haya a unguwar Glenwood, a nan ƙasar waje. Matar da a da sai an roƙe ta ta numfasa a tsakiyar zance, ta koma kamar an ɗinke mata baki. Ta yi addu'a, ta taɓa tuwo, ta zauna bakin taga tana kallon ɗalibai suna wucewa a keke. Ko sau ɗaya ba ta ambaci Baba ba. Gaskiya tsoro ya kama ni, kada shirun nan ya cinye min uwa ina ji ina gani.

Na kai ta coci, na zaga da ita manyan kantunan Wendover. Abin da na samu kawai, ta latsa tumatir ta ce roba ne.

'Yata kuwa, wadda in ka yi mata Hausa sai ta maido maka da Turanci, ba ta da aiki sai kallon katun ɗin Japan a talabijin: idanu kamar faranti, gashi shuɗi, kowa ihu. Wanda ya fi ɗauke mata hankali labarin wani ma'aikacin ofis ne da ya mutu, ya farka a wata duniya ya ga ya zama butar shayi. Buta fa! Tana surutu, tana watsa wa dodanni ruwan zafi. Na sha cewa a kashe min wannan shirmen.

Wata Asabar da rana na dawo daga aiki na tarar da su biyun a kujera ɗaya, Mama ta ƙura wa talabijin ido.

"Wai butar nan mutum ce?" in ji Mama.

"Yes, Kaka. Ya mutu, then ya dawo buta."

"Allah Ya ji ƙansa. Matarsa fa?"

"They never show her. Ba su nuna ba."

Mama ta tafa hannu. "Ba su nuna ba? Mutum ya mutu, ba zaman makoki, ba mai zuwa gaisuwa? Sun bi shi can yana ta tafasa, sun bar baiwar Allah ita kaɗai? Kai, mutanen nan ba su san ya kamata ba."

Na sa baki na ce ai tatsuniya ce, ba a dawowa.

"Ke, rufe min baki. Ni na koya miki karatun Littafi."

Sai yarinyar nan, da rashin sanin abin da ba a tambaya, ta ce, "Kaka, if Baba Tsoho ya dawo, me zai zama?"

Na watsa mata harara, amma ko ta kalle ni.

"Rediyo," in ji Mama. "Tsohuwar rediyo mai ƙara, wadda makunninta ya lalace."

Ta fashe da dariya, mu ma muka kama. Daga nan zance ya ɓarke: yadda yake tashinta tun asuba da labarin siyasa, yadda ya zo neman aurenta da keken aro ya cika iyayenta da surutu har suka ba shi ita don su huta. Ina tsaye da jakar aiki a kafaɗa, daɗi ya hana ni zama.

Can ta goge ido da gefen zaninta.

"Ko rediyon ce ma," ta ce, "da zai dawo, ba zan ƙara ce masa ya yi min shiru ba."