Buhunan Gansakukar Yaya Idi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Idi, malamin lakkwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, kuma har yau ban iya kallon gansakuka a bakin ruwa ba.

Farkon shigowar dimokuraɗiyya ne, yajin aiki ya rufe makarantu wata da watanni. Mu muka bi jam'iyyu, shi kuwa ya tare a wani tabki bayan Sabon Gari, inda masu fasa tsohon batir ke zubar da ruwansu. Ya ce dalma ce kwance ciki, ga awaki na sha, ga mata na wanki. Ya yanka ganguna yana kiwon wata gansakuka mai shuɗi-shuɗi, wai ƙananan halittu ne masu riƙe dalma a jikinsu. Sai ya zuba musu ruwan tabkin, in sun tsotse ya kwashe, ya shanya, ya ɗura a buhu. Mu kam dariya muke: "Yaya, duk bokon nan a kiwon datti ya ƙare?"

Sau ɗaya ya ce mini, "Sani, buhunan nan guba ne, rami mai zurfi za a yi musu." Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa babba, hankalina na can wurin taron siyasa a Tsibiri.

Sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana uku. Bayan sadakar arba'in muka share ɗakinsa. Ni manomi ne, kuma manomi ba ya binne abin da zai zama taki. Wallahi da hannuna na loda buhunan a amalanke, na watsa su a lambuna na Jiratawa. Ganyen salati, wato latas, ya yi kyau, muka ci, muka sayar. 'Yata Rabi na rarrafe lokacin, can take wuni tana cusa ƙasa a baki.

An ce yanzu masana na binciken abin nan da muka yi wa dariya. Da yana raye da ya yi murna, ko da yake tabkin na nan, batiran sola ma sun ƙaru a kai. Daga nan kuma da sai ya tambaye ni labarin Rabi.

Rabi ta girma ba ta iya ƙirga yatsunta, ga yawan suma. Likita bai ce dalma ce ba, ni ma ban taɓa yi mishi zancen buhu ba. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, to ni na ƙi ji, ita take gani.

Aikin Yaya gaskiya ne, ya cire guba daga ruwan mutanen da bai ma sani ba. Ni na kai ta gida. Uwar Rabi ta rasu tana cewa iskoki ne, kuma ban gyara mata ba.