Muntaka Mai Fenti da Takin Zakara

Muntaka mai fenti ɗan wani ƙauye ne a gefen Ɗambatta, inda gonaki ke manne da juna. Gonar gadonsu ta yi wa mutum biyu kaɗan, don haka ya bar wa yayansa Iliyasu noma, shi kuma ya koyi rubutun allon shago da na jikin mota. Hannunsa na da kyau, ko a kan kwano mai tsatsa harafinsa ba ya karkacewa.

A shekarun da ake layin sabulu da madara, ga fari kuma, aiki ya ɗauke masa ɗif. Ana nan sai manajan wani kamfani mai suna Takin Zakara ya aiko kiransa. Ba wanda bai san kamfanin ba, don a daminar da ta wuce manoma sun tarar rabin buhu yashi ne, har aka jefi motarsu a kasuwa.

"Mun sake suna," in ji manajan. "Daga yau Takin Damina. Kada ka bar zakara ko ɗaya."

Muntaka ya zauna ya tsara aikin. Motoci ne farko, tunda su jama'a ke gani: a kankare tsohon jan fenti, a shafa fari, sannan kore, in ba haka ba jan zai ɓullo. Sai ƙofar kamfani da rigunan leburori. Ya yanka sabon tambari a jikin kwano don buga wa buhuna. Da ya shiga sito, sai ga tsohon takin jibge har rufi.

"Ranka ya daɗe, waɗannan fa?"

"Juye su za a yi a sababbin buhuna. Kai fenti aka kira ka."

Muntaka ya tuna da iyalinsa. A gida matarsa Asama'u na goyo, tuwon dusa suke ci. Ya tsoma buroshi ya ci gaba.

Gab da shuka ya je ƙauye, ya tarar da korayen buhuna a zauren Iliyasu, wanda ya sayar da awakinsa ya sayo su.

"Na ga hannunka a jiki," in ji Iliyasu yana dariya, "na ce ai wannan na gida ne."

"Yaya, mayar musu. Yashi ne."

Washegari Iliyasu ya ɗora su a jaki ya mayar, kamfani ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa. Dawa ta yi rawaya tun tana gwiwa. Bayan kaka Iliyasu ya tafi cirani kudu, ba su yi sallama ba. Har yau ba labarinsa.

Ba wanda ya zagi Muntaka a ƙauyen, aiki kawai aka daina kawo masa. Ya koma gonar, ya riƙe 'ya'yan Iliyasu tare da nasa, ga shi bai iya noma ba, ga tarin da fenti ya bar masa. Ya rasu da rani, yara ba su kai riƙon garma ba. Asama'u ta ba da gonar aro, ta shiga yin ƙuli-ƙuli.