Gonar da shanu suka daina kwana a cikinta

Da girbin bana wana Hamidu ya cika shekara tara da rasuwa. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi ya riƙe gonar gidanmu a Toumboutou, ni kuwa na zauna Malanville ina tuƙin motar albasa har gwiwa ta ƙi. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, na farko kafin na biyu.

Na farko, yadda Yaya yake aiki. In an yanke hatsi an ɗaure dammuna, ba ya yarda a kwashi kara ko a ƙone shi. Kayar da shi yake yi a gona. Daga nan sai ya hau keke ya nufi wata ruga kusa da Guéné, wurin wani Bafillatani mai suna Sambo, ya gaya masa gona ta buɗe. Sambo ya kawo garkensa su yi rani a can. Shanu su ci kara da rana, su kwana a gonar. Ba a barinsu wuri ɗaya. Bayan 'yan kwanaki a cire turaku a matsa gaba, a fara daga tudun rairayi inda ƙasa ta fi gajiya, a gangaro har bakin fadama. Yaya yana ba Sambo hatsi da ruwan rijiya, matar Sambo tana kawo nono gida. Damina na sauka a shuka hatsi, a sa wake a tsakani. Iyakar dabarar ke nan, kuma duk zaman Yaya ban taɓa ganin rumbun gidanmu ya ƙare kafin sabon hatsi ya nuna ba.

Shi da Sambo ba su iya zama babu tsiya. Sambo yakan ce duk kwarin nan Hamidu ne kaɗai ke duba kashin shanu kafin ya gai da mai shanun. Yaya ya ce ai kashin yana da amfani, gaisuwar Sambo kuwa tsawo ne kawai gare ta.

Na biyu, abin da ya biyo bayan rasuwarsa. Gona ta koma hannun babban ɗansa, Nasiru. Ba rago ba ne, in faɗi gaskiya. Amma a lokacin masu kiwon ragunan layya sun yi yawa a Malanville, amalanken jaki suna bin ƙauyuka suna sayen kara da harawa. Nasiru ya ga abin da ubansa ke bar wa shanun wani ya zama abin sayarwa, sai ya sayar. A ranin nan kuma wata karsanar Sambo ta shiga fangalin albasarsa na bakin ruwa. Da Yaya ne, da ruga zai je a zauna. Nasiru ya tafi wurin jandarma. Aka kira dattijon gaban yara, aka ci shi tara. Sambo bai sake taka gonarmu ba har ya koma ga Allah.

Takin zamani ya rufe ɓarnar a shekarun farko. Daga baya gonar ta soma neman ƙari tana ba da ragi. Iska ta kwashi saman tudun, tun da babu karan da zai riƙe shi. Ƙuduji ya fito, furensa ya rufe gindin hatsi. Nasiru da kuɗin dakon rani a tashar motocin Gaya yake sayen taki, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya aikin ya mutu. Daminar bara rumbu ya ƙare hatsi bai ko fid da kai ba. Uwarsa, matarsa da yara suka koma cin abinci sau ɗaya a yini.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu malaman gona suna zuwa ƙauyuka a kan babur, suna tara mutane suna koya musu a bar kara a gona, a haƙa ramin taki, a haɗa hatsi da wake. Maganarsu daidai ce. Na tabbata Yaya zai zauna ya saurare su har ƙarshe, sa'an nan ya tambaye su inda suke tun da. Amma akwai abin da shi ma sai ya yi shiru a kansa. A zamaninsa kara ba shi da mai saye, barinsa ba hasara ba ce. Yau wanda ɗansa ke kwance da zazzaɓi, ga mai amalanke a ƙofar gida, ba a ce masa ya tuna da damina mai zuwa a tafi. Duk mai son talaka ya gyara ƙasarsa, ya fara nuna masa abin da zai riƙe gida da shi kafin ƙasar ta gyaru.

Da aka yi girbin bara na je Toumboutou na kira Nasiru. Na ce masa gobe za mu ruga, wurin Bello ɗan Sambo. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni da na kai ubansu jandarma? Korata za su yi."

Na ce ko sun kore shi zai je. Shi zai ba da haƙuri, ni in tsaya bayansa.

Bello ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Ya bar Nasiru ya yi magana har ya ƙare, bai katse shi ba, bai kuma taimake shi ba. Sa'an nan ya ce:

"Karsanar nan ta haihu, ta tsufa, mun sayar da ita. Maganarta ta wuce. Amma shanuna ba su cin rairayi. In na zo na tarar an kwashe kara, juyawa zan yi."

A nan muka tsara. Harawar wake ta Nasiru ce, ya sayar ya yi hidimar gida. Karan hatsi ba a taɓa shi. Bello ya gaya mana tun a lokacin garkensa bai kai na ubansa ba, rabin gonar kawai zai iya sa wa taki a rani ɗaya. Haka aka yi.

Ba zan ce ƙasa ta warke ba. A rabin da shanu suka kwana hatsi ya tsaya da ƙafarsa, ƙuduji ya ragu amma bai tafi ba. Ɗaya rabin yana nan yadda yake. Dammunan bana sun fi na bara, ba su kai na zamanin Yaya ba. Ko za su kai gidan ga sabon hatsi, sai tsakiyar damina mai zuwa za mu sani.

Yaya bai bar gidan siminti ba, bai bar babur ba. Ya bar tsarin aiki wanda ɗansa ya yar, ya sha wuya, ya dawo ya ɗauka. Ya kuma bar mutunci a wata ruga, wanda ya isa a shimfiɗa wa ɗan da ya ɓata musu tabarma.

Makon jiya masu amalanke sun zo, kuma bana kara ya yi tsada. Nasiru ya loda musu harawa. Suka nuna karan da ke kwance, suka ƙara tayi. Ina tsaye, ban sa baki ba. Nasiru ya ce musu an riga an yi alkawarinsa. Shanun Bello za su shigo bayan Juma'a, a fara daga rabin da bai samu taki bara ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Hamidu, Ya jiƙan Sambo, Ya sa aljanna ce makomarsu.