Dubiyar Kawu a Maradun

Ana idar da sallar asuba muka tayar da mota daga Talata Mafara, ni da yayana, ranar Laraba, gari bai gama wartsakewa daga gajiyar kasuwa ba. Maradun muka nufa dubiyar kawunmu, amma sai da muka biya Bakura muka ɗauko 'yar baffanmu, likita ce a wani babban asibiti, ta zo hutu gida.

Kawu dillalin shanu ne. Wata bakwai ke nan da wani bijimi ya yi jifa da shi ana lodi, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen mota. Bayan makonni a asibiti aka sallamo shi da robar abinci a hanci. Yana buɗe ido, yana barci yana farkawa, amma ba magana, ba motsi. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta dage yana jin ta. Wansa kuwa, Babban Kawu, ya ce yaudarar kanta take yi, mutum ya riga ya tafi saura numfashi, gara a mayar da ita gidan iyayenta ta huta. Shi ya sa aka ce mu kawo likita ta raba gardama.

Hanyar Bakura kore ce shar, shinkafa da albasa hagu da dama, masu ban-ruwa sun riga rana fitowa. A bakin tasha muka ci waina da yaji mai zafin da ya sa yayana hawaye, ya ce hayaƙin murhu ne. Na ɗauka likita za ta fito da na'urori niƙi-niƙi, sai ga ta da 'yar jakar hannu.

Muka juyo ta Mafara muka ɗauki hanyar Maradun. Tsakanin ramuka da shingayen jami'an tsaro ta yi mana bayani. Ta ce ko mutum na zaune shiru ba ya komai, sassan ƙwaƙwalwarsa ba sa daina hira da juna. Akwai na'urar hoto da ke nuna wannan hirar. A wasu masu irin raunin Kawu ana samun ta yanke, a wasu kuma da saura, kuma yawan abin da ya saura yakan tafi daidai da yawan sanin da ya rage wa majinyaci. Na'urar tana nesa da mu, in ji ta, amma akwai gwajin da ido kan iya yi.

Da hantsi muka isa. Ɗakin Kawu tas, ba wari, sai ƙamshin turaren wuta. Likita ta juya shi ta duba baya da ƙugu da dugadugai, ba gyambon kwanciya ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon Inna. Ashe bayan kowace salla da tsakaninsu sai Inna ta juya shi, ta shafa masa mai, ta miƙar masa da gaɓoɓi. Ranar kasuwa kuma takan tambayi dillalai yadda kara, wato kasuwar shanu, ta ci, ta zo ta kwashe ta gaya masa.

"Ɗiyata, shina ji na," in ji Inna. "In na kawo mishi labarin kara, numfashinai na canzawa."

Likita ta nemi aron madubi. Ta ce kowa ya yi shiru, ta riƙe shi daidai fuskar Kawu har ya ga kansa, sannan ta ja shi a hankali zuwa dama. Idanun suka bi. Ta dawo da shi tsakiya ta sake, suka sake bi. Ta gwada hagu, ba su motsa ba. Ta ba shi hutu, ta maimaita, ya kuma bin dama.

A tsakar gida ta yi wa Babban Kawu bayani ba ƙari. Ba ta yi alkawarin Kawu zai tashi ba, kuma ta ce ba wanda zai iya faɗin iyakar abin da yake fahimta. Amma wanda ba ya sane da komai ba ya bin fuskarsa haka. Akwai sani, yana zuwa yana tafiya. Ta rubuta takardar da za a kai shi a sake duba shi, ta kuma roƙa a daina maganar mutuwarsa a kansa.

Tsohon ya tashi, ya cire takalmi a ƙofar ɗaki, ya tsuguna gefen katifa.

"Malam, ina kwana? Ina gajiya? Yaya jiki?"

Bayan kowace gaisuwa sai ya dakata, ya bar wa ƙaninsa gurbin amsa. Inna ta juya baya tana gyara mayafi. Zancen mayar da ita gida bai sake tasowa ba.

Ta dama mana fura da nono mai kauri, muka sha, muka kamo hanya bayan azahar, don hanyar ba ta son yamma. Muka sauke likita a tashar Mafara ta hau motar Bakura, mu kuma muka shiga gida ana kiran la'asar.

Na je da tausayin Inna, na dawo da jin kunyarta. Sau uku na je dubiya a baya, ina gaida kowa a ɗakin ban da shi Kawun. Yanzu duk majinyacin da na tarar kwance shiru, shi zan fara yi wa sallama, in kuma jira.