Allon da Ya Yi Ciwon Shawara

Na kai shekarun da mantuwa ta zama abokiyar zamana. Ina manta inda na ajiye carbi, ina manta ko na sha maganin safe. Amma makonni biyar ɗin da na yi da wata sabuwar kwamfuta a ɗakina na unguwar Limawa a Minna, waɗannan kam sai dai a binne ni da su.

A da, in ka sayo sabon abu a unguwarmu, ba kai kaɗai za ka fara ganinsa ba. Ranar da na kawo rediyo mai kaset daga Kumasi, kafin in gama yanke igiyar kwalin mutum ya fi goma a tsakar gida, kowa da bakinsa. Wannan ya ce muryar ta yi kauri, wancan ya ce eriyar a karkace take. In akwai aibi a jikin kaya, ba zai kwana ba a gano shi ba. Ita kuwa kwamfutar, mai keke mai ƙafa uku ne ya sauke kwalayenta a bakin ƙofa, mutumin shago ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya ce, "Baba, shi ke nan," ya tafi. Daga ni sai ita.

Aikin tafinta na yi duk tsawon ƙuruciyata. Shi ya kai ni Khartoum da Jidda, ya kai ni Yamai da Kwatano, har na yi shekara biyu a Hamburg ina fama da sanyi. In aka haɗa da Nufanci da Yarbanci da na tsinta a nan gida tun ina yaro a bakin layin dogo, harshe bakwai nake ji. Bayan rasuwar mai ɗakina sai ya zama ina wuni ban yi magana da ko ɗaya daga cikinsu ba, in ka cire gaisuwar ƙofar masallaci.

Da aka yi sadakar arba'in, 'ya'yana biyu suka zaunar da ni. Babbar tana aure a Ingila, namijin yana aiki a Fatakwal. Suka ce in tattara in bi namijin. Na ce ba inda za ni. A gidan nan aka haife su, a nan uwarsu ta cika, ni ma a nan nake so a fitar da ni. Muka ja har muka gaji, sannan aka yi sulhu: zan zauna, amma ranar da ido ko ƙafa ya fara gazawa, ba sauran gardama, sai Fatakwal. Na ba su alkawari. Bayan haka ne babbar ta sa aka sayo mini kwamfutar tebur mai faffaɗan allo, don in riƙa ganin jikokina duk Lahadi, in kuma karanta jaridun ƙasashen da na zauna.

Kwana uku da kawo ta, da hantsi, ina karanta wata jaridar Faransanci, sai na ga gefen hagu na allon daga ƙasa ya fara yin rawaya. A hankali abin ya hau, fari ya koma kamar an jiƙa takarda a ruwan shayi, haruffa suka yi dishi-dishi. Na cire tabarau na goge, na mayar. Yana nan. Na san wannan launin. Yayana ya makance kafin ya rasu, kuma ya sha gaya mini cewa haka abin ya faro masa: duk abu mai haske sai ya ga ya yi rawaya, kamar rana ta kusa faɗuwa.

Na kashe kwamfutar, na kwanta na rufe ido. Da na tashi bayan azahar na kunna, allo fari tas. Na ce alhamdu lillahi, gajiya ce. Minti ashirin da wani abu, rawayar ta dawo.

A nan wata tsohuwar ɗabi'ata ta cuce ni. Tun a Hamburg matar da na yi haya a gidanta ta koya mini cewa ba a tashi a bar abu a kunne, ko da fitsari za ka je. Da na dawo ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi ta ƙone kaya, sai ɗabi'ar ta ƙara zama. Saboda haka duk lokacin da na tashi in huta da idona, sai na kashe kwamfutar, ita ma ta huce. In na dawo, mu biyun mun huta, komai fari. Ni kuwa sai na ɗauka idona ne ke iya aiki na minti ashirin kawai, sannan ya gaza. Yau in na tuna, dariya nake yi wa kaina. Mutum ɗaya da zai leƙo ya ce "me ya sami allon nan?" ya ishe ni. Makonni biyar babu wanda ya taka ɗakin.

Asibiti ban je ba. Minna ba ta riƙe zance, kuma a ɗakin duba ido akwai ƙawar babbar 'yata. In na je da safe, kafin la'asar labari ya isa Ingila. Sai na shiga shirin makanta a ɓoye. Na ƙirga taku daga ƙofar ɗakina zuwa famfo, daga famfo zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci. Da rana tsaka nakan kulle gida in rufe ido in yi ta zagaya tsakar gida ina lalube, har na buge gwiwa a jikin turmin marigayiya. Na ɗaura wa kwalbar maganin safe roba ɗaya, ta yamma roba biyu. Na daina dogon karatu, wai ina tattalin abin da ya rage. Nufina shi ne ko da duhun ya zo, in ɗan ƙara shekara a gidana kafin 'ya'yana su gane.

Ranar Lahadi ce ta fi ciwo. Sai fuskokin jikokina su cika allo, ina murna, ina kuma satar kallon agogo. Da zarar kumatun ƙaramar jikata sun fara yin rawaya, sai in ce, "To, ku gaida gida, da alama wuta za ta ɗauke."

Rannan yarinyar ta turo baki ta ce, "Angona, kullum sai ka kore mu. Ko ka yi sabuwar amarya a Minna ne?"

Na ce, "Wa zai auri tsoho mai haƙori huɗu in ba ke ba?"

Suka yi dariya. Na kashe, na zauna ina kallon baƙin allo, ina tunanin ko saura Lahadi nawa in daina ganin fuskar nan.

Wadda ta cece ni wata dattijuwa ce Bagwariya daga Gwada, Kirista, aminiyar mai ɗakina fiye da shekara talatin. Duk shekara in sabuwar doya ta fito sai ta kawo mana, kuma rasuwar ƙawarta ba ta sa ta daina ba. Ta yi sallama ina tsakiyar karatu, ta wuce har ƙofar ɗaki da doya uku a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Na tashi da sauri in karɓe ta, karo na farko da na bar kwamfutar a kunne. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta leƙa ta bayan kafaɗata ta tsuke fuska.

Ta ce, "Mijin ƙawata, wannan talabijin naka, shi yana ciwon shawara ne?"

Na ce, "Me kika ce?"

"Duba mana. Rabi fari, rabi kamar an zuba masa manja. Wane ne ya sayar maka wannan?"

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Mama, ke ma kina gani?"

Ta ce, "Ni makauniya ne? Tun daga ƙofa na gani."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Na gaya mata komai, har da ƙirga taku. Ta zage ni da Gwaranci, zagin da na ji sarai ban kuwa musa ba. Ta ce da ƙawarta na raye da ba a yi wannan shirmen ba. Ta ce in ɗauko kwali, yanzu za mu mayar.

Shagon yana kan titin da ya nufi Chanchaga. Mai shi magidanci ne, jikan Yarbawan da aikin jirgin ƙasa ya kawo, Hausarsa kamar ta Bakano. Na miƙa masa risit da takardar waranti, na yi bayani. Ya haɗa allon, ya kunna. Fari tas, kamar sabon likkafani.

Ya juyo da murmushi. "Baba, monitar nan lafiyarta ƙalau. Ba raini ba, amma yaushe rabonka da canza tabarau?"

Maganar ta soke ni inda babu ƙashi. Dattijuwar ta ce, "Ni ma na gani da idona!"

Ya ce, "Mama, ke da Baba in aka haɗa shekarunku ai sun kai na tashar jirgi. Ido huɗu ne, amma duk sun yi ritaya."

Na zauna a ƙasashe da yawa, kuma kowace da yadda take karɓar kayan da aka mayar. A Hamburg ba a tambayarka komai, takarda kawai ake dubawa, amma ba mai kallon fuskarka. A Khartoum sai an sha shayi an tambayi asalinka, sannan a duba kayan. A nan gida kuwa sai ka zo da shaida, kuma sai shaidar ta yi magana a gaban mai shago. Na juya harshe na gaishe shi da Yarbanci, gaisuwar manya, na tambayi gidansu. Ashe na san kakansa, maƙeri ne a bayan tasha. Jikinsa ya yi sanyi. Na ce ba na neman komai sai ya bar allon a kunne rabin awa.

Ya ce, "Baba, janareto nake ƙonawa fa."

Dattijuwar ta zauna daram a kan kwalin ta ce, "Ƙona. Mu ba mu sauri."

Minti ashirin suka wuce, allo fari. Ashirin da biyar, fari. Talatin. Mai shago ya fara kallon agogo yana kaɗa makulli. Ni kuwa tsoron ya dawo sabo. Na ce a raina, in fa ita ma tsufa ne ya taɓa idonta? In fa tausayina ta ji? Na ga kaina a wani ɗaki a hawa na uku a Fatakwal, ina sauraron ruwan sama, ba wanda na sani. Can na lura da wata babbar fanka da ke hura bayan allon kai tsaye. Ɗakina ba fanka a wajen tebur. Na roƙe shi ya kashe ta. Ya kashe yana girgiza kai, zufa ta fara keto mana.

Ba a yi minti goma ba, rawayar ta ɓullo daga kusurwar hagu ta fara hawa. Na bari sai da shi da kansa ya matso, ya sa yatsa a wurin, ya ce, "Kai! Baba, ka yafe mini. Wannan lodin an dawo mini da biyu, amma su layi suke yi. Ban taɓa ganin mai jiran ya yi zafi ba."

Ban taɓa jin daɗin ganin aibi a jikin kayana irin na ranar ba.

Ya ɗauko sabo a kwali. Na ce shi ma sai ya yi awa a kunne. Wannan bai yi rawaya ba, amma dattijuwar ta hango wani ɗigo kore a tsakiyarsa, bai kai ƙwayar gero ba, wanda ni da mai shagon duk ba mu gani ba. Ta ce, "Ido ya yi ritaya, ko?" Mai shago ya ɗaga hannu sama ya ce ya tuba. Na uku ne ya fito lafiya, shi na kawo gida bayan la'asar. Ita kuma ta hau mota ta koma Gwada.

Lahadin da ta biyo muka yi fiye da awa ɗaya, fuskar jikata ba ta canza launi ba. Da yaran suka tashi, na ce wa uwarsu ta tsaya, na gaya mata gaskiya.

Ta ce, "Baba, mako biyar? Kana lalube a tsakar gida kai kaɗai?"

Na ce, "Alkawari na yi muku. Na ji tsoron cika shi."

Ta kira ƙanenta a waya a gabana. Suka yi magana, ina ji. A ƙarshe ta ce, "Mun janye sharaɗin. Ko ido ya tafi, a gidanka za ka zauna, mu za mu san yadda za a yi. Amma ka je asibiti gobe." Na je. Likita ta ce akwai 'yar yana da ta fara taruwa, irin ta masu shekaruna, kuma in lokacinta ya yi aikin ba shi da wuya.

Abin da na koya shi ne, mai zaman kaɗaici bai kamata ya yanke wa kansa hukunci da shaidar idonsa kaɗai ba, don tsoro ma yana da launin da yake shafa wa abubuwa. Na kuma koyi cewa in ka ɗaure tsoho da sharaɗi, ba lafiyarsa ka tsare ba, ɓoye ciwo ka koya masa.

Gidan yana nan shiru kamar yadda yake, har yanzu nakan wuni ban yi magana da kowa ba. Amma tun daga ranar, ko ciwon kai na yi sai 'ya'yana sun ji kafin rana ta faɗi, kuma ba wanda ya sake yi mini zancen Fatakwal.