Na faɗi tarin shanunmu a bakin rijiya

"Yaya bisashe?" in ji Baba Agali mai rijiya. Makiyaya sun kewaye shi, kowa na jiran guga.

Na ce, "Goma sha huɗu lafiya lau. Biyu suna tari tun Laraba."

Baba Agali ya gyara rawaninsa, ya ce, "Yaro, kora su gaba. Yau babu ruwa."

Shekarata goma sha bakwai. Kwanana goma sha ɗaya da gama lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram, tafiyar kwana biyar a raƙumi daga nan. Can, in mushe, wato malami, ya yi tambaya, ka ba da amsa daidai ko ka sha bulala.

Sai da na kai su wata rijiya wajen Belbeji, ba su sha ba sai la'asar. Da na dawo gida na ce wa mahaifina, "Baba, ƙarya kake so in yi?"

Ya ce, "Wa ya ce maka ƙarya? Gaisuwa ya yi maka, malamin boko. Ka ce lafiya, ka durƙusa, ka tambayi iyalinsa. In mutane sun ragu, ka matsa ka gaya masa tarin a hankali, da ya ware maka komin shayarwa a gefe. Ka faɗa gaban kowa, ta ina zai ce maka to?"

Gobe ni zan koma da su. Tun ɗazu nake zagaya garke ina maimaita "lafiya lau", bakina yana so ya ƙara lissafi.

Ku da kuka taɓa kwafsawa haka gaban babba, da wace kalma kuka fara washegari?