Ganuwar Ruwa da Wankan Inna

A gidanmu na Samaru, damina ce lokacin hira. Da an yi magariba an ci tuwo, sai Kaka Tabawa, mahaifiyar babanmu, ta hura wuta a rumfar girki, ta jera ɗanyar masara a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne matsoracin cikinmu, ta kuma sani sarai. "Angona mai gudun kyankyaso," haka take kirana, "matso kusa, kada tsawa ta ɗauke mini miji." Sai a kwashe da dariya, ni kuwa in matsa ɗin, don da gaske nake tsoro.

Tatsuniyoyinta na gizo ba su taɓa hana ni barci ba. Akwai labari ɗaya dai da ba ta buɗe shi da "ga ta nan", kuma ba ta yin sa sai ranar da aka yini ana ruwa har kwatar tsakar gida ta cika. In na ga tana sauraron indararo, na san labarin nan na tafe ke nan.

Ta ce tana 'yar budurwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Zariya, Sabon Gari ya fara cika da baƙi. Baƙi na son ruwa, jirgi ma na sha, sai aka ce za a datse rafin da ya ratsa ƙauyensu, can wajen Bomo. Aka ɗebi maza suna jidar ƙasa da kwanduna, mata na bin su da madaɓi suna daɓe ta kamar tsakar ɗakin amarya. Kaka ba ta taɓa cewa madatsa ba, ganuwar ruwa take ce mata. Da damina ta wuce ruwa ya cika har baki, rafin da ke ƙasa kuwa ya ƙafe ƙaf. Aka kuma ajiye mai gadi da kulki, aka ce ko ƙwarya kada a tsoma, don ruwan na birni ne.

A daidai nan mahaifiyarta, Inna, ta haihu. Wanda ya san wankan jego a ƙasar Zazzau ya san ba abin wasa ba ne: safe da yamma a tafasa babbar tukunya, a tsoma ganyen tsamiya ana fyaɗa wa mai jego, sannan ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kowa ya yarda in aka yi sakaci sanyi ya shiga jikinta, ba ya fita. Kaka ce mai ɗebo ruwa, tana tafiya mai nisa ta dawo da tulu guda, ga sha ga girki ga wanka. Ba a je ko'ina ba ƙafafun Inna suka fara kumbura. Ungozoma ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta dubi maigidan ta ce, "Jatau, ka nemo ruwa, ko ka nemo likkafani."

Jatau, mahaifin Kaka, mai lambu ne tun tasowarsa. Ya roƙi mai gadi, aka kore shi. Ranar kasuwa da hantsi, da ya ga mai gadin ya tafi cefane, sai ya saɓi fartanyarsa. A lambu, in kana son ba shuka ruwa, ka sare bakin kunyar da ke tare ruwan ne, ruwa ya shiga, in ya isa ka tura ƙasa da diddige ka toshe. Hannunsa ya yi haka sau ba adadi. A ganinsa ganuwar ma kunya ce, girma kawai ta fi.

"Ɗan sara ɗaya ya yi, jikokina," in ji Kaka, tana nuna mana faɗin tafin hannunta. "Ruwa ya zubo siriri, gwanin sha'awa. Ni ina murna, ina cika tulu ina kaiwa randa, har na cika randunanmu duka. Baba ya ce ya isa, ya sa diddige. Ruwa ya tafi da ƙasar. Ya ƙara, ya tafi da ita. Na ɗaga kai na dubi fuskar Baba, ban ƙara murna ba."

Nan nake ƙanƙame zanenta. Ta ce bakin saran ya yi ta cin kansa, gefe da gefe na zubewa, ƙarar ruwan ta canza. Gidansu kuwa shi ne na ƙarshe a gangare, a bakin tsohon rafin, Inna na kwance a ciki da jariri. Kaka ta sheƙa gida tana kururuwa a fito da ita. Ungozoma ta tare ƙofa ta ce mai ɗanyen jego ba ta fita iska, wannan kisa ne. Suna cikin gardama ruwa ya shigo tsakar gida, ya kashe wutar ƙarƙashin gado. Dole aka ɗora Inna a kan ƙyauren kara, aka ratsa ruwa da ita zuwa tudu, zanenta sharkaf, haƙoranta na kaɗawa.

Mutanen ƙauye suka fito da kwandunan da suka yi ginin da su. Jatau ya shiga cikin ɓarakar har ƙirji ya kafa zana ya tokare ta da bayansa, ana zuba ƙasa a kansa da gefensa, har aka shawo kan ruwan kafin rana ta faɗi. Mai gadi ya dawo ya yi ta jibgarsa, bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Ganuwa ta tsaya, birni bai rasa ruwa ba, jaririn ma ya rayu. Inna ce ba ta ga ranar suna ba.

"Randunan da na cika," Kaka ta ce, "da su aka yi mata wanka."

Wata rana yayata ta tambaye ta, "To Kaka, wa ya kashe ta?" Sai ta juya masara ta ce mu ci tun da zafi.

Ina yaro na ɗauka darasin a fili yake: kada ka taɓa abin da ba ka san ƙarfinsa ba. Har wawa na sha kiran Jatau a zuciyata. Sai da na girma na yi aure a Sabon Gari, matata ta haihu cikin bazara, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka yi wuyar gani. Wani babban bututu ya bi ta bayan gidanmu zuwa wata unguwa. Na fita da jarka babu komai ciki, na tsuguna na kara kunne a jikinsa, na ji ruwa na gudu, a ɗaki kuma surukata na tambaya ko an samu na wanka. Ban fasa bututun ba. Amma na daɗe a tsugune ina duban wani dutse da ke kusa da ƙafata, kuma tun ranar ban sake kiran Jatau wawa ba.